Rami na Uku

Ƙarfe tara da kwata na safiyar Litinin aka kira ofis: an yi sata a wurin ɗaukar fim. Kafin Sufeto ya ɗauki hularsa, shugaban ofis ya riga ya aika mota an kamo mutum.

"Mai kula da kayan fim ɗin ne," in ji shugaban. "Makulli a hannunsa yake. Kamfani ya bugo sau uku. Gobe da safe a kai shi kotu."

"Ya amsa?"

"Ɓarawo na amsawa? Kana da zuwa ƙarfe biyar. In ba ka kawo mini wani ba, shi ne."

Fim ɗin na tarihin marigayi Mai Kamfani ne, mutumin da wayoyinsa ke aljihun rabin garin. Kowa ya san labarin: saurayi shi kaɗai a gareji, ya haɗa akwatin da ya aika saƙon rubutu daga gida zuwa gida. Akwatin nan, da ake kira Kaka, shekara talatin da huɗu yana cikin gilashi a hedikwatar kamfani. An ba masu fim aronsa na mako uku. Shi ne ya ɓace.

A cikin wani babban sito aka gina garejin. Bango uku ne, babu rufi, fitilu na rataye a sama. Sufeto da Saje suka tsallake wayoyi suka isa teburin aiki. Akwai akwati a kai, girman kwalin takalmi, da jar waya a gefensa.

"Ga ta nan ai," in ji Saje.

"Kwafi ce," in ji Darakta. Gajere ne, idanunsa sun yi ja. "Mai Kaya ya ƙera mana ita don wuraren da jarumi zai jijjiga ko ya buga. Yau za mu buɗe murfin ta gaskiya a gaban kyamara. Muka kwance, muka tarar da katako da yashi."

"Yaushe kuka ga ta gaskiyar?"

"Juma'a da yamma Mai Kaya ya kulle ta a akwatin ƙarfe. Haka ya ce."

"Buɗe murfin yana cikin labarin tun farko?"

"A'a. Ranar Juma'a na ƙara. Marigayi bai taɓa bari a buɗe ba, shi ya sa nake so. Na faɗa a teburin abincin rana, ɗansa ya yarda nan take."

"Su wa ke teburin?"

"Ni, da ɗan, shi ne shugaban kamfani yanzu, da mahaifiyarsa, sun zo ziyara. Sai Injiniya, tsohon abokin marigayi, mai ba mu shawara."

"An bar wani shi kaɗai a nan?"

"Ba a barin kowa," in ji Darakta, yana kallon fitila.

Wata mata mai gilashi tana tsaye a bayan kyamara da ƙaramar kwamfuta a ƙirji. Ido suke kiranta. Aikinta ɗaukar hoton komai kafin a fara da bayan an tsaya, don kada kofin da ke dama ya koma hagu a tsakiyar magana.

"Ranka ya daɗe, ni ba na tuna komai," ta ce. "Hotuna ke tunawa."

Ta buɗe na Juma'a. Uku da minti biyar, an tafi hutu. Uku da minti arba'in, an dawo. Sufeto ya jera su ya daɗe yana kallo.

"Matso da kusurwar nan."

A hoton farko akwai ɗan tabon ƙuna a ƙasan akwatin. A na biyu babu.

"Wannan tabon Mai Kaya bai kwaikwaya ba, don ba ya fitowa a kyamarar fim," in ji Ido. Ta sake duba hotunan. "Ashe tun rana aka musanya. Kwafin ya kulle da yamma."

"Ina yake lokacin hutun?"

"Darakta ya aike shi sayen kwan fitila. Sai huɗu da rabi ya dawo."

"Akwai wani bambanci?"

"Akwai, har na rubuta." Ta nuna da farce. Ramuka uku ne a gefen akwatin. A hoton farko jar wayar na cikin na farko. A na biyu tana cikin na uku. "Na mai da ita da hannuna, na yi wa jarumi faɗa. Ya rantse bai taɓa ba. Na ce masa 'yan wasa da rantsuwa kamar kaza da tono."

Sufeto ya juya ga Darakta. "Ka ce ba a barin kowa."

Darakta ya shafa ƙeya. "Tsohuwa ta ce tana so ta zauna a garejin ita kaɗai minti goma. Ta tuna mijinta. Wa zai hana? Injiniya ma ya shigo ɗaukar sandarsa. Yallaɓai, kuɗin fim ɗin nan na ɗanta ne. Kada a sa bakina."

Injiniya na zaune a inuwar wata babbar mota yana shan shayi. Dogo, farin gashi, da bajon kamfani a ƙirji.

"Tare muka haɗa ta," ya ce tun kafin a tambaye shi. "Shi ƙwaƙwalwa, ni hannu. Na faɗa a taro ya fi ɗari."

"To taimaka mini, Baba. Wane rami jar wayar ke shiga?"

"Na farko."

"Ka tabbata?"

Ya zaro waya ya nuna hoton da duniya ta sani: marigayi yana saurayi, yana murmushi, hannunsa a kan Kaka. Jar waya a rami na farko.

"Ka gani? Ni na nuna wa yaran nan."

"Me ke cikin murfin?"

"Wayoyi."

"Wane iri?"

Injiniya ya kurɓi shayi. Ya sake kurɓa.

"Ka taɓa ganin cikinta, Baba?"

"An daɗe."

"Ba abin da na tambaya ba ke nan."

Tsohon ya ajiye kofin a hankali. "Ni na riƙa kai shi kasuwa a babur yana sayo kaya. A ƙofa nake ajiye shi. Ba ya barin kowa ya shiga." Ya ɗaga ido. "Dole wannan ya shiga takarda?"

"In ba kai ka ɗauka ba, ba ruwan takarda da babur."

A mota Saje ya ce, "Wannan ko fitila ba zai iya gyarawa ba."

"Shi ya sa ba shi ba ne. Mu koma ofis."

Ƙarfe ɗaya saura. Mai Kaya na tsare a bayan kanta, an cire masa bel da igiyar takalmi. Matarsa na zaune a benci a waje da kwanon abinci da ba a karɓa ba.

"Yallaɓai, shekara goma sha tara ina wannan aiki, ko cokali bai taɓa ɓata a hannuna ba. In aka kai ni kotu, ko an sake ni, babu mai ƙara ba ni makulli."

"Yaya aka yi ka kulle kwafi ba ka gane ba?"

"Na daidaita nauyinta da ta gaskiya, don kada hannun jarumi ya nuna bambanci. Aikina ne ya ci ni."

"Ka auna ta gaskiyar sosai ke nan."

"Kwana biyu, da safar hannu."

"Ramukan nan uku. Akwai abin da ka lura?"

Mai Kaya ya runtse ido. "Na ukun ya goge, bakinsa har ƙyalli yake, an sa an cire sau dubu. Na farkon kuwa sabo fil. Kamar ba a taɓa sa masa komai ba. Na gaya wa Injiniya, ya ce in tsaya a katakona."

Sufeto ya fito ya tsaya a baranda. Saje ya biyo shi.

"Duk duniya hoton nan take bi," in ji Sufeto. "Hoton kuma kuskure ne. Wanda ya musanya yana sauri, hannunsa ya kai waya inda ya saba."

"Amma marigayi da kansa ne a hoton, Oga."

"Shi ne abin. Ɗauko kwafin."

Gidan marigayi yana bayan dogon shinge. An shigar da su falo mai sanyi, hoton nan na saurayi da akwati ya cika rabin bango. Shugaban kamfani ya tarbe su a tsaye, waya biyu a hannu.

"An ce kun kama mutumin. Me kuma ya rage?"

"Sa hannu kaɗan. Da tambaya ɗaya ga Mama."

Tsohuwar ta fito a hankali. Ƙarama ce, tsaf da ita. Ta zauna ta haɗa hannuwa a cinya.

"Mama, ranar Juma'a kin zauna a garejin. Kin ga wani?"

"Ban ga kowa ba, ɗana. Kuka na yi na fito."

"Kin san na'urar sosai?"

"Ni? Shayi nake kai masa in ajiye a ƙofa. Ban san waya daga zare ba."

Ta miƙa hannu ta gyara kofi. A babban yatsa da manunin hagu akwai ƙananan tabo farare, birjik, tsofaffi.

"Girki ne," ta ce, da ta ga inda yake kallo.

Saje ya ɗora kwafin a tebur. Sufeto ya juya shi kamar mai neman lamba, gwiwar hannunsa ta fizge jar wayar, ta faɗi kusa da ƙafarta. Bai kula ba. Ya juya ga ɗan.

"Yallaɓai, inshorar nawa ce?"

"Wannan lauyoyi za ka tambaya. Abin da na sani, tarihin mahaifina ne aka sace, kuma ina so a ɗaure wanda ya yi."

"Shekara bakwai zai iya samu. Yana da 'ya'ya mata uku."

"Da ya tuna da su."

Tsohuwar na kallon ɗanta, ba ta ƙifta ba. Ta sunkuya ta ɗauki wayar don kada a taka. Hannunta ya kai ta gefen akwatin, ya tura, ya murɗa kaɗan. Ba ta ko duba ba.

Sufeto ya dubi inda wayar ta shiga. Sannan ya ajiye hotunan Ido guda biyu a gefen akwatin.

"Rami na uku, Mama."

Ta dubi hannunta kamar na wani.

"Me ake nufi?" in ji ɗan. "Sufeto, ka san gidan da kake?"

"Zauna," ta ce wa ɗanta. Ya zauna.

Ta tashi ta shiga ciki. Saje ya motsa, Sufeto ya girgiza kai. Ta dawo da babbar jakar ɗinki, ta fito da Kaka a naɗe cikin tawul. Daga aljihun jakar ta zaro ƙaramin sukundireba mai gogaggen mariƙi. Noti huɗu, ba ta ɗauki minti ɗaya ba.

A cikin murfin akwai takarda manne, ta yi ruwan ƙasa. Zanen wayoyi ne da lissafi, da ƙananan rubutu masu karkata. A ƙasa, kwanan wata da sa hannu.

Ɗan ya sunkuya. Ya daɗe a haka.

"Rubutunki ne, Mama."

"Ubana mai gyaran rediyo ne. Ina da shekara tara na fara riƙe masa dalma." Ta dubi ɗanta. "Babanka ya iya magana. Ya shiga ofis ya fito da kuɗi, ni ba zan iya ba. Masu kuɗin suka ce labarin saurayi shi kaɗai a gareji ya fi sayuwa. Muka yarda. Kana cikina lokacin."

"Hoton fa?" in ji Sufeto.

"Ni na ɗauka. Na ce masa ba nan take shiga ba. Ya ce ta nan ta fi kyau a hoto." Ta ɗan yi murmushi, ya ɓace. "Da zai rasu ya ce kada a buɗe. Na yi alkawari. Ranar Juma'a na ji za a buɗe a gaban duniya. Kwafin na ƙarƙashin tebur. Jakata na hannuna."

"Kin san an kama mutum da safe?"

"Na sani."

"Kika yi shiru."

"Na ce zuwa yamma zan sami dabara. Ban samu ba." Ta dubi Sufeto ido cikin ido. "'Ya'ya uku ka ce?"

"Uku."

Ɗan ya miƙe. "Na janye ƙara. Kayan kamfani ne, ni ne kamfani. A rufe murfin nan, a manta."

"Ƙarar da ta sa aka kulle mutum ba a falo ake janye ta ba," in ji Sufeto. "Sai an rubuta wanda ya ɗauka, da dalili, kafin sunansa ya wanku. Mama, za ki biyo mu."

"Zan kira shugabanku."

"Ajiye wayar," ta ce. "Na rufa wa babanka asiri shekara talatin da huɗu, ban cuci kowa ba sai kaina. Yau na cuci wani. Ɗauko mini mayafina."

Ba a sa mata ankwa ba. Saje ya ɗauki Kaka, murfin a buɗe. Ta shiga bayan mota ta zauna tsaf.

Biyar saura minti ashirin aka fito da Mai Kaya. Yana ɗaura bel a gaban kanta aka shigo da ita. Ta tsaya.

"Ni ce na ɗauka, malam. Ka yafe mini in za ka iya."

Ya dube ta, ya dubi akwatin, ya dubi takardar cikin murfin. Mai sana'a ne, bai buƙaci bayani ba.

"Yafiya sai na huce, Mama," ya ce. "Amma abu ɗaya ya dame ni mako uku. Rami na farkon na mene ne?"

"Ba na komai ba ne. Hannuna ne ya goce ina hudawa."

Ya gyaɗa kai, ya karɓi kwanon daga hannun matarsa, suka fita.

Saje ya jawo takardar bayani. Ya rubuta shekaru, ya rubuta adireshi. Da ya zo layin sana'a bai tambaya ba, ya rubuta matar gida.

Ta leƙo ta karanta a juye.

"Goge wannan," ta ce.