Wanda Ya Sace Sitiyarin Dam

Ranar Litinin da hantsi, cikin watan Agusta na 1977, injiniyan sabon dam ya shigo ofishin 'yan sanda na Kafanchan, takalmansa duk taɓo. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba.

"Insfekta, an sace sitiyarin ƙofar ruwa."

Insfekta Meshak ya ajiye biro. Shekara ashirin yana aikin nan, ya kama ɓarawon akuya, ya kama ɓarawon ƙararrawar majami'a, amma bai taɓa jin wanda ya saci sitiyari ba mota ba.

Injiniya ya yi bayani. An gina dam ɗin ne a kan ƙaramin kogin da ke cin gidajen Unguwar Gangare kowace damina. Da wannan sitiyari ake sauke ƙofar ƙarfe, ruwa ya taru a baya maimakon ya afka wa mutane. Yau aka shirya sauke ta karo na farko.

"Sabo daga Kaduna sai sati uku," in ji shi. "Hadarin nan kuwa ba zai ba mu kwana biyu ba."

A kan dam, Insfekta ya durƙusa ya duba sandar da sitiyarin ke hawa. An shafe ta da giris, an naɗe da tsumma, an ɗaure da waya don kada ruwan sama ya sa ta tsatsa. Notika huɗu suna jere a gefe, kowanne da wosharsa, zoben ƙarfen da ake sa masa a ƙasa.

Ya daɗe yana kallonsu. Ɓarawo fasa abu yake yi ya gudu. Wannan kuwa ya yi sata kamar mai niyyar mayarwa.

Aka kira mai gadi, Silvanus.

"Jiya Lahadi kana ina?"

"Ina nan, Yallaɓai. Ban motsa ba."

"Ga takardar waƙoƙin baftisma a aljihunka."

Silvanus ya dafe aljihu, ya sunkuyar da kai. "Matata ya ce dole na zo sujada, yarinya namu ne ake yi ma baftisma. Awa uku kawai, Yallaɓai."

"Wa ke yawan zuwa nan?"

"Sai Baba Kumai. Kullum yana can ƙasa yana tona."

Insfekta ya gangara cikin kwarin da ruwa zai cika. Katafila ta riga ta share itatuwa, ba abin da ya rage sai jar ƙasa da kututture. A bakin kogi ya ƙirga ramuka bakwai, dogaye, matsattsu, kowanne ya kai ƙugu. Wani tsoho yana zaune a bakin na ƙarshe da fartanya.

"Sannu da aiki, Baba. Me ake nema?"

"Gafiya, ɗana."

"Gafiya ce ake auna mata rami da igiya? Kuma ga sawun takalmin reluwe, kai kuwa ba ka da ko silifa. Wa ke taya ka?"

Baba Kumai ya kawar da fuska. "Ni kaɗai ne."

Insfekta bai matsa masa ba. Tsohon bai iya ƙarya ba, kuma a fili yake ba kansa yake karewa ba.

A Loko, inda ake gyaran injinan jirgin ƙasa, ya nuna wa shugaban makanikai tsumman da ya ciro daga dam, da ɗaurin wayarsa. Mutumin ya yi dariya. Wannan ɗauri ai na Nwachukwu ne, in ji shi, duk wanda ya koyi aiki a hannunsa ya sha ranƙwashi a kansa. Ya yi ritaya, yana haya a gidan Baba Kumai, can Unguwar Gangare.

Insfekta ya same shi a ƙofar ɗaki yana wanke ƙasa daga hannu, dattijo mai furfura, tafinsa duk bororo.

"Baba Nwachukwu, ina sitiyarin?"

"Wane sitiyari, Oga? Ni ba direba ba ne."

Insfekta ya ajiye tsumman a kan benci. Dattijon ya dube shi, ya sauke numfashi, ya zauna.

"Yana ƙarƙashin gado."

"Me ya sa?"

"Fidelia. Matata. Lokacin rikici na sittin da shida ina wurin aiki a kan layin dogo. Kumai ya ɓoye ta a rumbu. Ciki ne da ita, wata bakwai. Kwana na uku ta rasu a wurin. Shi kaɗai ya ɗauke ta, ya bizne a bakin kogi, gindin wata ɗorawa. Na dawo bayan yaƙi, ya nuna mini. Kowace Kirsimeti ina zuwa in share."

"Da aka ce a kwashe kaburbura fa?"

"Na rubuta wa hukuma. Suka ce babu sunanta a littafin kowace majami'a, babu dutse, don haka babu kabari. Ina asibiti katafila ta ture ɗorawar. Yanzu ko'ina iri ɗaya ne. Kwana kaɗan nake so, Oga. In same ta, in kai ta maƙabarta kusa da mutane."

Insfekta ya ji tausayinsa har cikin ransa, bai kuwa ɓoye ba. Amma gabas ta riga ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara ɗaga kwanon rufi.

"Baba, in ruwan nan ya sauko ƙofa a buɗe, gidan wa zai fara ci?"

Nwachukwu ya dubi tsakar gida, inda surukar Kumai take kwashe shanya da goyo a baya. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da sitiyarin a ka.

Yayyafi ya fara lokacin da suka isa dam. Injiniya ya miƙa hannu zai karɓa, dattijon ya girgiza kai.

"Za ka ci zaren noti. Ba ni sifana."

Ya ɗora, ya ɗaure, ya kama sitiyarin da hannu biyu ya fara murzawa. Ƙofa ta riƙa sauka a hankali har ta zauna. Baba Kumai ya hauro ya tsaya gefensa, ya cire hula. Suna kallo kogi ya kumbura, ya fita daga hanyarsa, ya cika ramukan ɗaya bayan ɗaya.

Kofur ɗin da ya rako Insfekta ya ciro ankwa. Insfekta ya yi masa alama ya mayar.

"Mu tafi, Baba. Dole in rubuta. Zan rubuta kuma cewa kai ka rufe ta da hannunka."

"Rubuta, Oga. Ka sa sunanta a ciki."

"Zan sa."

A bakin mota Nwachukwu ya waiwaya. Ruwa ya shafe kwarin daga wannan gaɓa zuwa waccan.

"Kumai," ya ce, "daina kuka. Yanzu ai mun san inda take."