Ƙudan Zuman da Suka Ƙi Zama

A can wani gari an yi wani mutum mai amya a kan ɗorawa. Ana tsakar damina, lokacin da ƙudan zuma ba sa ƙaura, sai nasa suka tashi, suka dunƙule a tsamiyar wata tsohuwa maƙwabciyarsa.

Ya kwaso su a ƙwarya ya mayar, suka koma. Ya sake mayarwa, suka sake komawa.

Ya ce, "Iya, asiri kika yi mini!"

Ta ce, "Asirin me, ɗan nan? Da ka ɗebi zuma bana, saƙa nawa ka bar musu?"

Ya ce, "Ko ɗaya. Ai amyata ce."

Ta ce, "To, ga ka ga amyarka."

Ya hau ya sauko da ita, ya tarar ƙadangare ya tare a ciki.