Abin da Nake Kiranta

Auta ta yi wa kanta alkawari ba za ta sake taka shagon nan ba. Sai ga ta da rana tsaka a bakin ƙofarsa, rungume da laftof ɗin marigayi Abbanta kamar mai ɗauke da jariri marar lafiya.

Injiniya, kamar yadda masu gyara na layin suke kiransa, ya ɗago daga kan wata waya da ya farke wa ciki. Ya kalle ta, ya kalli abin da ke hannunta, ya mai da kai kan aikinsa.

"Sannu da zuwa, Hajiya. Gyara ko sayayya?"

"Ni ce Hajiya yau?"

"To me zan ce? Wanda aka daina ɗaukar wayarsa ai baƙon ido ne..."

Ta haɗiye maganar, don ta san ita ta jawo. Saura kaɗan a yi bikinsu Abba ya rasu, ita kuwa ta ce a dakatar da komai. Yayyenta duk suna gidajensu, in ta tafi wa zai zauna da Umma? Ya ce zai jira, ta ce kada ya jira. Ya ce zai kama gida kusa da Umma, ta ce ba ta son a yi mata dabara. Daga nan ta kulle zuciyarta, alhali Allah ya sani har yau in ta ji ƙarar babur irin nasa sai gabanta ya faɗi.

A tsaye ta yi masa bayani. Umma ce take goge teburin Abba, kofin shayi ya kife a kan laftof ɗin, tun daga nan ko ƙyaftawa bai sake yi ba. Hotunan Abba, bidiyoyinsa, muryarsa, duk a ciki suke, babu su a ko'ina. Umma ta daina cin abincin kirki, sai dai ta zauna tana cewa da hannunta ta sake rasa shi.

Fuskar Injiniya ta sauya. Ya ture wayar gefe, ya jawo mata kujera da ƙafa.

Ya kife laftof ɗin, ya shiga kwance ƙananan kusoshi yana jera su a murfin gwangwani. Auta ta miƙa wuya tana leƙe. Ba ta taɓa ganin cikin kwamfuta ba, kuma ita dama tun tana ƙarama ba a buɗe abu a gabanta ba ta sa ido ba. Ta tambayi wannan, ta tambayi wancan, har ta manta fushi suke yi.

"Cikinsa ya ƙone," in ji shi, yana nuna mata inda shayin ya bushe ya yi baƙi. Sannan ya zaro wani ɗan abu mai kama da akwatin ashana. "Amma ga ma'ajiyar nan, komai a kanta yake kwance. Ruwa bai kai gare ta ba."

"Kana nufin Abba yana cikin ɗan abin nan?"

"Yana ciki, masoyi..." Ya yi tari. "Yana ciki."

Ta yi kamar ba ta ji ba, amma kunnuwanta sun yi zafi.

Ya sanya ma'ajiyar a cikin wani laftof irinsa, ya kunna. Allon ya kawo haske, sai ga hoton Abba da hularsa a karkace, a ƙasa kuma ana neman kalmar sirri. Injiniya ya ce Abba ya kulle kayansa kullewa ta gaske, in aka ɓalle ta ƙarfi komai zai iya salwanta. Sai dai ya bar wa kansa ɗan tuni a ƙasan wurin. Injiniya ya danna, rubutu ya fito: "Abin da nake kiranta."

Auta ta yi murmushi har da gyara zama.

"Ai ni ce! Rubuta Auta."

Bai buɗe ba.

"Autata... 'Yar lele... To sa Sarkin Rigima."

"Wannan kam ya dace," in ji shi, "amma shi ma ya ƙi."

Ta harare shi. Ta kira Yaya Babba a waya ta karɓi duk sunayen da Abba yake kiran 'ya'yansa mata, har da na jikoki, har da na tsohuwar motarsa da yake yi wa magana kamar mutum. Babu wanda ya shiga. Abin ya fara cin ranta. Ita da take ganin ta san Abba ciki da waje, wace ce wannan da yake kira da sunan da ba ta taɓa ji ba?

"Me yake kiran Umma?" Injiniya ya tambaya.

"Maman yara. In yana sauri kuma ya ce ke."

"A gabanku ke nan."

Wallahi bai taɓa zuwa ran Auta ba cewa Umma da Abba suna da wata magana da ba a gabansu ake yin ta ba.

Da ƙyar ta lallaɓo Umma zuwa shagon. Injiniya ya durƙusa ya gaishe ta, ya share mata kujera da hannun rigarsa. Umma ta amsa da ƙaramar murya, ta rame har zobenta yana yawo a yatsa. Ya karanta mata abin da Abba ya rubuta.

Umma ta ƙura wa allon ido. Can ta kai gefen mayafi ta rufe baki, kafaɗunta suka fara rawa. Auta ta zabura, ta ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, irin wadda aka daɗe ba a ji a gidansu ba.

"Oh ni! Mutumin nan bai bar halinsa ba..." Ta kalli ƙasa kamar yarinya. "Ɗana, rubuta Baƙuwa."

"Baƙuwa?" in ji Auta. "Umma, ke ce baƙuwa?"

Injiniya ya rubuta. Allon ya girgiza, ya ƙi. Ya gwada da babban harafi, ya gwada da ƙarami, ya nemo ƙa mai lanƙwasa ya sa. Shiru. Dariyar Umma ta ɗauke, hannunta ya koma kan ƙirji.

"Ko dai ba ni ba ce?" ta faɗa a hankali.

Zuciyar Auta ta karye. Ta ji da ma ba ta kawo ta ba.

Umma ta matso da fuskarta kusa da madannan, tana bin haruffan da ido. Ba ta yi boko mai nisa ba, amma saƙonnin mutum ɗaya ta karanta su har ta haddace kamanninsu.

"Tsaya, ɗana. A wayata ba haka yake rubuta min ba. A tsakiya akwai wani mai ƙwai da 'yar wutsiya... wannan na can kusurwa."

Yatsanta ya sauka a kan q. Injiniya ya dafe goshi, don shi kansa haka yake rubutawa in yana sauri. Ya buga baquwa, ya danna.

Allon ya buɗe.

Auta ce ta kasa haƙuri, ta durƙusa ta dafa gwiwar Umma tana tambayar inda sunan ya samo asali.

Umma ta ce ai lokacin da aka yi aurensu mahaifiyarta ba ta da kowa, don haka kullum tana hanya. Ta kwana gidan miji, ta wuni gidan uwa, wani lokaci ma kwanan ya gagara. Duk ranar da ta dawo sai Abba ya miƙe ya ce maraba da baƙuwa, a kawo wa baƙuwa ruwa. Bai taɓa yi mata faɗa ba, tsokanar kawai.

"Har ranar da kakarku ta ɗaure min kayana ta ajiye a ƙofa. Ta ce ita ta yi nata zaman auren ta more, ba za ta cinye nawa ba." Umma ta kama haɓar Auta ta ɗago fuskarta. "Kina ji ko? Ni na ga abin da kika yi, na yi shiru ne don baƙin ciki ya rufe min baki. Na rasa mijina, Auta. Ban ce ke ma ki rasa naki ba."

"Umma, wa zai..."

"Ki zo ki wuni, ki koma. A jininmu yake."

Hawaye suka ɓalle wa Auta. Injiniya ya duƙufa kan allon kamar bai ji komai ba, ya buɗe bidiyon da ya fara cin karo da shi. Muryar Abba ta cika shagon, yana dariya: "Baƙuwa, daina ɓoye fuska mana, yaran ba sa nan!"

Umma ta jawo laftof ɗin gabanta da hannu biyu.

"Ku ɗan ba ni wuri," ta ce, ba tare da ta kalle su ba. "Zan gaisa da mijina."

Suka fito bakin shagon suka tsaya a inuwar rumfa. Auta tana share ido da bayan hannu, shi kuma yana juya sukudireba a yatsunsa, ya rasa inda zai ajiye ta.

"Ka ji dai," ta ce. "Kullum ina hanya. Za ka iya?"

"In dai za ki riƙa dawowa, rabin raina, ni mai kai ki ne ma."

Ta sunkuyar da kai.

"To ka gaya wa Babanka... a ci gaba da maganar."

Ya yi ajiyar zuciya. Daga cikin shagon suna jin Abba ya sake kiran sunan, Umma kuma ta amsa masa da "Na'am."