Ƙafar Jelani

"Kada ki taɓa min ɗa!"

Inna Uwaliya ta tare ƙofar ɗakin, muciya a hannu. Bara'atu, ma'aikaciyar asibitin da ta taso takanas daga Wurno, ta leƙa ta saman kafaɗarta. Ga saurayinta Jelani kwance, zazzaɓi na kaɗa shi, ƙafa ta yi suntum kamar tulu.

"Inna, mi niy yi?"

"Sa'adiyya ta hwaɗi min komi! Tun da yac ci dambunki ƙahwar tah haye!"

Sa'adiyyar, 'yar maƙwabta da ta daɗe tana harin Jelani, tana gefe riƙe da kwanon magani, har da guntun hawayenta.

Bara'atu ta durƙusa.

"Inna, Allah ya halicce mu da masu gadi cikin jiki, mu da bisashe duka. Ko ba su taɓa ganin ƙwayar cuta ba, da sun taɓa rigarta sun gane baƙuwa, sai kururuwa! Jini ya taho, wuri ya ɗau zahi, ya kumbura. Dambu ba ya shiga ta diddige, Inna. Wani abu ya huda shi."

Bara'atu ta miƙe, ta leƙa cikin ɗakin.

"Jelani!"

"Na'am, hasken idona..."

"Aje hasken nan tukuna. Mi kat taka?"

Ya rufe fuska da bargo. Ashe yana ba shinkafarsa ruwa ne a bakin magudanar dam ɗin Goronyo, motar asibiti ta wuce da Bara'atu a gaba. Ya ɗaga mata hannu bibbiyu, santsi ya kwashe shi, ya dira kan tsohon ƙarfe. Kunya ta hana shi faɗa.

Inna ta juya wajen Sa'adiyya a hankali.

"Ke kuma, mi kika ta shahwa mai?"

"Kashin shanu... da toka."

Bara'atu ta dafe ƙirji. "Da an ƙara kwana, sai yanke ƙahwar!"

Kafin muciya ta ɗaga, Sa'adiyya ta kai zaure, takalminta ɗaya a tsakar gida.

Da aka fara wanke ciwon, Jelani ya kurma ihu, "Wayyo Inna, cece ni!"

Inna ta haye cinyarsa ta zauna daram.

"Matse shi, ɗiyata! In da allura, yi mai biyu!"

Bayan yankan shinkafa aka ɗaura aure. Ranar wuni aka jiyo Inna cikin mata tana bugun ƙirji.

"Ni niz zaɓo mai ita da kaina!"

Jelani ya buɗe baki zai yi magana. Bara'atu ta yi murmushi, ta taka masa ƙafa... mai lafiyar.