Furannin Takardar Umma

"Wata shida ke nan kina ce min 'bari tukuna'! Tukuna me, Auta?"

Ya faɗa yana jingine da kantar shagonmu, ni kuwa ina ta faman naɗe wani kwalin turare kamar ban ji shi ba. Dogo ke nan, malamin makarantar da na yi wa alkawarin aure. An canja masa wurin aiki zuwa wani gari mai nisa, kuma da matarsa yake so ya tafi.

"Rage murya mana, Umma na ciki tana barci."

"Faɗa min gaskiya, masoyiya. Kin daina sona ne?"

"Haba dai! Kai ma ka san ba haka ba ne..."

"To mene ne?"

Na jawo kwando daga ƙarƙashin kanta na tura masa. Furannin takarda ne, irin waɗanda muke mannawa a kan kyauta in mun gama naɗewa. Duk sun karkace, gam ya yi musu dumu-dumu, an haɗa ja da ruwan ƙasa.

"Aikin Umma ne na yau," na ce. "Idonta ya yi rauni, ba ta san ya kai haka ba. Kullum in ta shiga kwanciyar rana, sai in warware su ɗaya bayan ɗaya in sake yi. Shekara talatin ana yabon hannunta, Dogo! In na tafi, wa zai gyara? Ranar da wani ya dawo mata da kaya ya ce aiki ya ɓaci, wallahi ba za ta ɗauka ba."

Ya daɗe yana juya wani fure a hannunsa.

"Ba zan ce ki bar mahaifiyarki ba," ya ce a hankali. "Amma ni ma..."

Bai ƙarasa ba ya fita. Na zauna ina gyaran fure, hawaye na ɗiga a kan takardar mutane.

Da la'asar Umma ta fito tana lalubar bango, ta zauna a kujerarta.

"Miƙo min fure ɗaya."

Na ba ta cikin waɗanda na gyara. Ba ta ma kalle shi ba, da yatsa ta bi shi tana ƙirgawa.

"Shida," ta ce. "Ni tun da na fara sana'ar nan ganye biyar nake yi wa fure. Ke ce sarauniyar ƙari, tun kina ƙarama ba kya iya tsayawa a biyar."

"Umma... tun yaushe kika sani?"

"Tun bara."

"Kika yi shiru?"

"Na yi shiru." Ta ajiye furen a gefe. "Kina zaton ke ce kike rufa min asiri, alhali ni ce nake riƙe ki. Na ga muddin kina da abin gyarawa, ba za ki tafi ba. Son kai ne, Auta, ki yafe min."

Na durƙusa na kifa kaina a cinyarta. Kukan da na shekara ina ɓoyewa ya ƙwace min.

"Ya isa, kada ki jiƙa min zane," ta ce, ita ma tana jan hanci. "Fure na haƙura da shi. Naɗi kuwa aikin yatsu ne, ido a rufe ma zan yi. Ƙanwata za ta riƙa zaɓa min launi, dama surutu take nema."

"Ba zan iya barin ki ba, Umma."

"Za ki iya. Ɗauko waya ki kira wannan dogon naki yanzu-yanzu, kafin zuciyata ta sake yi min wayo."

Na danna lambarsa da hannun hagu, don na dama yana cikin nata, ta riƙe shi gam ba ta saki ba.