Nauyin Aljanar Rahmatu

Zayyanu mai gyaran sikeli, na Ƙofar Rini, ba ya iya ganin abu bai ƙiyasta nauyinsa ba. Rago zai gifta, ya ce kilo arba'in. Ana tsakiyar cin tuwo zai sanar da iyalinsa cewa kan mutum kaɗai ya kusa kilo biyar, kamar wani ya tambaye shi. Ko dodon tatsuniya bai tsira ba, ya taɓa yin lissafi daga faɗin sawunsa ya yanke masa kilo ɗari huɗu. Matarsa Jummai ta daɗe da gajiya da wannan hali.

Wata Talata ya sayo wani tsohon sikelin buhu, ya kwance shi a tsakar gida, ya wanke da kananzir, ya sake haɗa shi. Rana na faɗuwa, kaji sun shige akurki, unguwa ta yi tsit ana jiran kiran salla, sai wani abu ya faɗo kan kwanon ɗaki. Aka sake jefo na biyu. Da aka duba, duwatsun awonsa ne na ƙarfe, waɗanda ya kulle a akwati da hannunsa.

A daidai lokacin 'yarsu Rahmatu, mai shekara goma sha shida, tana ɗauke da buta. Ta durƙushe a inda take.

"Inna, wani abu ya hau mani baya," in ji ta.

Mata uku suka kama ta, suka kasa ɗaga ta. Sai da asuba abin ya sauka, da magariba ya dawo. Haka kullum.

Wani uban da kuka zai yi. Zayyanu sikeli ya jawo. Washegari da rana ya auna ta, kilo hamsin da ɗaya. Daga nan kullum da magariba sai ya sa ta zauna a kan sikelin tun kafin abin ya zo, amma ba ya duban allurar sikelin sai abin ya hau, sannan ya tsuguna ya ƙura wa allurar ido. Ya kai ta asibiti, ba a ga komai ba. Ya yi hayaƙi, ya karɓo rubutu, allura dai sai ta haura ɗari. Da safe ya tafi rumfarsa yana tsaki, ya bar Jummai da yarinyar da ƙafafunta suka daina ɗaukarta. Wallahi abin da ban haushi, mutum ya yi mako uku yana kallon allura alhali 'yarsa na zaune a gabansa.

Ranar da Rahmatu ta ce ba ta jin yatsun ƙafarta, Jummai ta yafa mayafi ta tafi Mabera da kanta, ta zo da Malam Tambari, wani dattijo mai ruƙiyya.

Malam ya zauna gefen sikelin har rana ta faɗi. Iska ta tsaya. Allura ta fara hawa a hankali, ta tsaya a kan ɗari da ashirin, bayan yarinyar ya lanƙwashe. Ya daɗe yana karatu kafin bakinta ya buɗe, muryar wata tsohuwa ta fito, a shaƙe.

"Shekara tamanin ina zaune cikin ma'aunin ga. Wanga mutum yaz zo yaw wanke ni da kananzir. Ina ni ka zuwa?"

"Ki tahi inda babu mutane," in ji Malam. "Yarinyar ga ba ta yi maki komi ba."

Ya ɗaga murya da karatu. Allura ta yi rawa, aka ji ƙashin bayan Rahmatu ya yi ƙara. Jummai ta yi salati, Malam ya dakata.

"Tunda ubanta shi ad da sanin nauyin kowa," in ji muryar, "shi hwaɗi nawa. Sau ukku ni ba shi. In ya dace in tahi. In ya kuskure in danne ta hat ta karye."

Malam ya sa ta rantse, ta rantse. Zayyanu ya gyara zama, har da ɗan murmushi, don an zo fagensa. Ya cire hamsin da ɗaya daga ɗari da ashirin.

"Sittin da tara."

Muryar ta yi dariya. Gumi ya keto masa. Ya buga gefen sikelin, ya leƙa ƙarƙashinsa, ya ce allurar ce ke ɗan tauyewa.

"Saba'in!"

"Saura guda," in ji ta.

Zayyanu ya miƙe yana zagaye tsakar gida, yana lissafi da yatsu, yana zagin sikelin da shi ya gyara shi. Lissafi bai sauya ba. Ya buɗe baki zai sake jefa wata lambar, Jummai ta riƙe masa riga.

"Maigida, tsaya. Wa ac ce maka har yau hamsin da ɗaya ta?"

"Ni na auna ta!"

"Yaushe? Ni ka goya ta kullum in kai ta wanka. Ni ka ɗebo ruwa gidan ga. Ɗiyar ga ba ta wuce jarka guda da rabi ba."

Zayyanu ya sake lissafi. Jarkar gidansu lita ashirin da biyar take ci, ya kuwa san litar ruwa kilo guda ce. Guda da rabi, da nauyin robar, talatin da takwas ke nan. Ya cire daga ɗari da ashirin.

"Tamanin da biyu."

Can muryar ta ce, ƙasa-ƙasa, "Uwar ta ci." Wata iska mai ɗumi ta bi ta zaure ta fice, ƙyaure ya bugu. Allura ta gangaro a hankali, ta wuce hamsin da ɗaya ba ta ko tsaya ba, ta sauka a kan talatin da takwas.

Malam Tambari ya shafa addu'a, ya ce a ɗauke ta daga kan ƙarfen nan. Zayyanu ya sunkuya, ya tattaro ƙarfinsa ya ɗaga, har ya kusa faɗuwa da baya don rashin nauyinta. Haƙarƙarinta ya ji a tafin hannunsa, ɗaya bayan ɗaya. Kunya da tausayi suka rufe shi lokaci guda.

Rahmatu ta buɗe ido, ta dube shi, ta yi magana da muryarta.

"Baba, kullum ina hwaɗa maka ban iya cin abinci. Kai ko sai ka ce in bar motsi, allura na rawa."