Fuskar Lubabatu

Ana idar da sallar magariba dutsen farko ya faɗo a kan kwanon ɗakin Saude. Tana kwashe tuwo, ta ɗauka yaran unguwa ne. Na biyu ya faɗa cikin tukunyar miya, kuma daga sama ya zo, ba daga bayan katanga ba. Kaji suka yi tsit a akurki.

Aka kwana biyu ana haka. Mijinta Muntari, mai gyaran waya da tura fina-finai a kasuwar Gummi, ya ce kada kowa ya ji. Amma duk almuru wayarsa takan kunna kanta a aljihu, muryar mace tana kuka a ciki. Saude ta lura ba ya mamaki, zufa kawai yake yi.

Wata Laraba 'yarsu Zulai, wadda aka sa wa ranar aure bayan Sallah, ta dawo daga rijiya, ta tsaya ta dubi uwarta da idon da ba nata ba. Sai ta zube tana birgima, tana gurnani da muryar tsoho.

Aka ɗauko Malam Jibo daga Nasarawa Burkullu a kan babur. Ya zauna ya yi ta karatu, har duhu ya rufe tsakar gida.

"Mi yarinyag ga tay yi maka?" in ji Malam.

"Ba ta yi man komi ba," muryar ta amsa daga bakin Zulai. "Ubanta za ka tambaya. Lubabatu ta kai mai wayatta gyara, yak kwashe hotunanta, yas sa na'ura ta ɗora huskarta bisa jikin wata 'yar iska, yat tura ma samari. Mijinta ya sake ta. Yanzu gindin tsamiyata take kwana, kukanta ya ishe ni."

Saude ta tuna da maƙwabciyarsu Lubabatu da hotunan nan da suka yaɗu a unguwa. Ita da bakinta ta hana Zulai gaida Lubabatu.

"Mi kaka so ka hita?" in ji Malam.

"Shi tattaro hotunan duka, daga kowace waya, har Anka, har Bukkuyum."

"Ruwan da ya zube ba ya kwasuwa. Nemi abin da ɗan'adam ka iyawa."

Muryar ta yi gurnani.

"To shi hwaɗa da bakinai, da ƙarhi."

Muntari ya durƙusa ya faɗa, bai rage komai ba. Muryar ta yi dariya.

"Na hita, Malam. An rama mata. Duba bisa katanga."

Zulai ta yi atishawa, jikinta ya saki. Saude ta ɗaga kai: maƙwabta ne jere a kan katanga, kowa da waya a hannu, suna ɗauka.

Daga ranar nan jifa ya tsaya. Amma kafin Juma'a bidiyon ya zagaye ƙasar: Zulai ba ɗankwali, kumfa a baki, an ɗora masa kiɗa. Dangin ango suka aiko a dakata. Muntari ya rufe shago ya gudu ramukan haƙar zinariya, bai bar sallahu ba.

Zulai ta warke sarai, sai dai ba ta ƙara taka ƙofar gida ba. Wata rana Saude na yi mata kitso, suka ji samari a waje suna kunna muryar suna shewa.

"Inna," ta ce a hankali, "ni mi niy yi musu?"

Saude ta ci gaba da kitson.